Masu Goyo Ɗaya

Sannunku da jimirin bibiya, 'yan uwana. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto ta ce shara nake yi, wai ta ina teku zai bi ya shigo Akokan, garin da ruwan sama ma sai ya ga dama yake leƙo mu. 'Yar uwa, ban ji haushi ba, ni ma da wani ne ya ba ni labarin haka zan ce. Saboda ke da waɗanda suka shigo yau, bari in ɗan koma baya kafin in kawo ku ranar da Inna ta ɗauko kwalbar jabel.

Sunana Keziya. Mu mutanen wajen Tasawa ne, aiki ya kawo Babana Andarawus arewa. Gyaran wuta yake yi a kamfanin haƙar yuraniyom, shi ya sa muke zaune a gidajen ma'aikata, inda wutar lantarkin da ake jawowa daga garin Cirozerin ba ta cika ɗaukewa ba. Da na bar makaranta na yi aikin raino a gidan wani injiniya Bafaranshe. Matarsa, wadda muke kira Madam kawai, tana da wani akwatin gilas cike da ruwan gishiri, tsawonsa ya kai in buɗe hannuwana biyu. A ciki akwai duwatsu masu ramuka, da kifaye, da murjani mai rai yana kaɗa 'yan yatsunsa. Ni da nake zaton murjani a wuyan amare yake tsirowa, sai ga shi yana cin abinci a gabana.

A 2007 tawaye ya sake ɓarkewa, aka fara taka nakiya a hanyoyi, kamfani ya ce matan Turawa da 'ya'yansu su tattara su tafi. Madam ba ta yi kukan kujeru ko kwanuka ba, akwatin nan ta rungume. Ta bar mini shi da buhunan gishirin teku da wani littafi da ta cika da rubutun hannunta. Maza shida suka ɗauko shi zuwa falonmu, aka ture kabad ɗin kwanonin Inna zuwa lungu, ƙarƙashin kalandar majami'a. Tun daga ranar unguwa ta sa masa suna tekun Keziya.

Shekara biyu ina rainonsa. Kifi uku suka rage mini: biyu masu launin ruwan lemo da farar ɗamara, waɗanda Inna ke kira Malam da Malama, sai wani ɗan ƙarami mai zane-zanen shuɗi da kore da ja, shi ne Mai Atamfa. Lokacin zafi kwalaben ƙanƙara nake jefawa a ruwan sau uku a rana, kullum muna faɗan wuri a firigo, wato firiji, ni da bisap ɗin Inna, zoɓon nan da take haɗawa. Ba zan ɓoye muku ba, ina son akwatin nan. A shekarar da nake ba ku labari damina ta ƙi a gida, kowace waya daga Tasawa kukan hatsi ce, hanyar Agadez kuma ba a bin ta sai da rakiyar soja. Amma in na zauna gaban gilas ɗin nan da safe, ina kallon Mai Atamfa yana bin dutse yana tsince-tsince, sai in ji zuciyata ta kwanta.

Ta dalilin tekun na san Tomas. Ɗan Damagaram ne, yana aiki a labo inda ake gwada ruwan sha na kamfani. Ruwan famfo ba ya yi wa murjani, sai wanda aka tace tas, shi ne Baba ya yi masa magana a majami'a. Ya nemi izinin shugabansa, ya fara kawo mini bido biyu, wato jarka, a bayan babur kowace Asabar da la'asar. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum a goge har tana iya yanka mutum. Shekara ɗaya da wata huɗu yana kawo ruwa. Ni da shi mun gama fahimtar juna tun a wata na uku, 'yar wayata mai tocila ta cika da saƙonninsa har sai na goge na ƙawayena kafin sabo ya shigo. Matsalar ɗaya ce, Inna.

Innata Salomi ba ta ƙi shi don talauci ko dangi ba. Ladabinsa ne ya dame ta.

"Wanga mutum ne ko inuwa?" in ji ta wata rana muna tsinke zogale. "Duk abin da na ce, 'To, Inna.' Ran nan da gangan na aje mishi miyar kuɓewa, na ce ya ka ji miyar kuka. Ya sunkuyar da kai ya ce, 'Ta yi daɗi, Inna.'"

"Kunya ce, Inna. Wa ke musu da surukuwa?"

"Kunya daban, haɗiye gaskiya daban. Namijin da ba shi iya ce mini a'a kan miya, ranar da babbar magana ta zo mi zai yi? Ke za ki sha wuyarta, ba ni ba."

Ba ta taɓa cewa dole in rabu da shi ba, Inna ba ta haka. Sai dai ƙanwarta Tanti Jeanne tana bugo waya daga Maradi da zancen wani Pierre mai shagon kayan gini, ita kuma Inna ta riƙa ɗan yayyafa sunansa a hira kamar mai sa gishiri a miya. Pierre ya sayi fili. Pierre ya gaishe ki. Ni dai in yi kamar ban ji ba, in tashi in je in duba kifina.

To, ranar wata Talata ayarin motoci ya iso daga Agadez, a ciki akwai tabarau da Baba ya yi wa Inna odarsa don ta riƙa karanta Littafi Mai Tsarki ba sai ta miƙar da hannu ba. Washegari da safe ta ɗora shi a hanci, tana yawo a gida tana gano laifuffukan da shekara da shekaru suka ɓoye mata. Ta ga tsatsa a murfin tukunya. Ta ga furfura a gemun Baba. Ina durƙushe ina canjin ruwa, na sa tiyo a baki na zuƙa don ruwan ya fara gangarowa cikin bokiti, kamar yadda na saba. Ɗan gishirin ya shigar mini baki, na tofar. Sai na ji Inna ta tsaya a bayana.

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilas. A jikin gilas ɗin, ta gefen da ban cika kankarewa ba, akwai wasu fararen ɗige-ɗige kamar an watsa garin gero. Na daɗe da sanin suna nan. Madam ta rubuta a littafinta cewa su ne abincin Mai Atamfa, ba ya cin komai sai su. Abin da ban sani ba shi ne Inna ba ta taɓa ganinsu ba sai yau.

"Keziya, motsi suke."

"E, Inna, abincin..."

"Tun yaushe kike sa bakinki a ruwan ga?"

Muryarta ce ta ba ni tsoro, don ba faɗa a cikinta. Ta zauna a hannun kujera, ta janye zanenta sama kaɗan, ta nuna mini idon sawunta na hagu. Na san tabon nan tun ina ƙarama, ramuka uku masu sheƙi. Kafin mu biyo Baba arewa, a ƙauye muke, muna shan ruwan tabki. Damina uku a jere kurkunu yana kwantar da Inna. Ina tuna ta zaune a tabarma, farin zaren tsutsar naɗe a jikin tsinke, kullum a ja kaɗan, gona kuwa ciyawa ta cinye. Da ta warke, masu yaƙi da kurkunu suka zaɓe ta wakiliyar ƙauye. Aka kai ta Tasawa aka koya mata, aka nuna mata a madubin likita irin ƙwarin ruwan da ke ɗauke da cutar, waɗanda mutum ke haɗiyewa bai sani ba. Shekara huɗu tana bin tabkuna da ƙyallen tace ruwa tana wa mata wa'azi. Har yau a Akokan, ruwan famfon da Tomas ke gwadawa kullum a labo, sai ya bi ta ƙyalle kafin ya shiga randar Inna.

"Na san su," in ji ta. "Su ne. Na baro su a tabki, sun biyo ni cikin falona, kuma ɗiyata na tsotsar su da tiyo."

Na ce ruwan gishiri ne. Na ce babu mai kurkunu da ya taɓa tsoma ƙafa a ciki. Na ɗauko littafin Madam ina buɗe mata shafi. Ta ce Madam ba ta taɓa ganin kurkunu ba ko a mafarki. Ta shiga madafa ta fito da kwalbar jabel, wannan farin ruwan wanki mai kashe komai, ta dangwarar da ita a kan kabad.

"Ki kwashe kifinki ki sa a roba. Ran Asabar zan wanke akwatin ga da duwatsunshi."

'Yan uwa, in jabel ya taɓa duwatsun nan komai ya ƙare. Murjani zai mutu a take, ƙwarin su mutu, Mai Atamfa ya bi su da yunwa cikin sati biyu. Kuma babu inda zan samo wasu, teku mafi kusa da mu sai an ƙetare ƙasa guda. Na juya wajen Baba, yana ɗaure takalmin aiki. Ya ce shi wayar wuta ya sani, in ta haɗu da ruwa ma gudu yake yi. Ya ɗauki hularsa ya fice.

Na shige ɗaki na jawo waya.

"Tomas akwai matsala. Inna ta ga ƙwari a teku ta ce na kurkunu ne. Ran Asabar za ta zuba jabel."

Minti biyu sai ga amsa. "Bonjur Keziya. Yaya kamanninsu?"

Ku ji fa. Gida yana ci da wuta, shi yana bonjur.

"Farare ƙanana a jikin gilas. Akwai wasu manya kaɗan a ƙarƙashin dutse, sun lanƙwashe kamar yankan farce."

"Zan aro mikroskof, madubin likita, in zo da shi."

Nan ne zan faɗa muku abin da har yau nake jin kunyarsa. Na rubuta masa: "Ba sai ka aro komai ba. Ka zo kawai ka ce mata ba su ba ne. Kai ɗan labo ne, za ta yarda."

Na yi shara, na wanke kwanuka, na jefa kwalbar ƙanƙara a teku, ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sai bayan azahar ya amsa.

"Sai na gani."

"Ko ba ka gani ba ka faɗa. Don ni."

"Ba zan iya gaya wa Inna abin da ban gani ba. Ki yi haƙuri."

Na jefa wayar a kan katifa. Mutumin da ya amsa cewa kuɓewa kuka ce, yau da nake buƙatar 'yar ƙarya ɗaya tak shi ne ya zama waliyyi. Ranar Alhamis ya turo "Kin tashi lafiya?" ban amsa ba. Ranar Juma'a ya turo "Na samu madubin," na rubuta "To" ko ɗigo ban sa ba. Kwalbar jabel tana nan a kan kabad, duk wucewar da zan yi sai mun haɗa ido.

Duk da fushin, ranar Asabar na yi kwalliya, kada ku tambaye ni dalili. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda tela ya matse wa hannu, na ɗaura kallabi na karkatar da shi gefe, na shafa kwalli har sau biyu don na farko hawaye ya ɓata shi. Inna kuwa ta fito cikin anko ɗin zumuntar mata, tabarau a hanci, kamar mai zuwa shari'a. Da na gaya musu zancen madubin, ta yarda ta jira Tomas ne kawai don Baba ya ce ba kyau mutum ya aro kayan aiki ya zo ya tarar an gama.

Da la'asar babur ya tsaya. Bido biyu a baya kamar kullum, da wani akwatin katako a ɗaure a ƙirjinsa da zane, sai ka ce mai jego. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya gaida Inna, ni kuma ya kalle ni ta wutsiyar ido. Na kau da kai.

A tsakar gida ya kafa madubin a kan ɗan tebur, don irin na dā ne mai karɓar hasken rana. Ya fara da manyan. Ya shiga falo ya ɗaga wani ƙaramin dutse a cikin tekun, ya kamo ɗaya a cikin faranti, ya duba da gilashin hannu. Abin yana kwance a gefensa yana harba ƙafafu.

"Wannan ɗan uwan jatan lande ne, Inna. Ragowar abinci yake ci, shi ne mai sharar gidan."

"Waɗanga ba ni da magana da su," in ji Inna. "Ƙananan nike so."

Ya ɗauki wani siririn bututun gilas, ya bi jikin akwatin a hankali ya zuƙo ɗigo ɗaya, ya ɗiga a kan ɗan gilas, ya sa ido. Ya murɗa, ya sake murɗawa. Ina tsaye a bayan Inna ina yi masa alama da gira, da kai, har da ƙafa. Bai ɗago ba. Gumi ya fara tsattsafowa a bayan wuyan rigar nan mai guga.

"Mi ka gani?"

Ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a gaba, idonsa a ƙasa.

"Ido ɗaya gare shi, Inna, ja, a tsakiyar goshi. Danginsu ne. Gida ɗaya suka fito da na kurkunu."

A zuciyata na ce shi ke nan, na rasa teku, kuma Pierre ya fara gini a filinsa. Inna ta shiga falo ta ɗauko kwalbar, ta fara murɗa murfi tana nufar akwatin.

"A'a, Inna."

Ban san muryar ba da farko. Baba da ke kishingiɗe da rediyo a kunne ya rage sauti. Inna ta juyo a hankali, ta kalli Tomas ta saman tabarau.

"Mi ka ce?"

Tomas ya maimaita. "Na ce a'a, Inna, ki gafarce ni. Na ce danginsu ne, ban ce su ne ba. Dangin nan suna da yawa, wasu na tabki, wasu na teku. Littafinmu ya ce masu kurkunu ba sa rayuwa a ruwan gishiri, amma ni a takarda kawai na taɓa ganinsu. Ke kika yi shekara huɗu kina bin su. In kin duba kin ce su ne, ni da hannuna zan zuba jabel ɗin."

Ya ja kujera 'yar tsugunno ya ajiye gaban tebur, ya koma gefe.

Inna ta miƙo mini kwalbar, ta ce in riƙe kada in kuskura in ɓoye. Ta gyara zama, ta tura tabarau saman goshi, ta rufe ido ɗaya da gefen kallabi, ta murɗa madubin da kanta ba tare da an nuna mata wajen murɗawa ba. Tomas ya kalle ni da mamaki. Ni ma ban taɓa ganin wannan Innar ba.

"Idon dai nasu ne," ta faɗa, ba ta ɗago ba. Can ta ƙara, "Amma ƙahon wanga gajere ne. Na tabki ƙahonsu dogo ne, kamar na saniyar Bororo." Ta sake murɗa madubin. "Kuma namu zabura suke yi cikin ruwa, su tsaya, su zabura. Wanga rarrafe yake kamar ƙwarƙwata."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Wanga bai isa shaida ba. Tomas, nemo mini mace mai ƙwai."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunansa. Da can "yaron ruwa" take ce masa.

Aka shiga farauta. Ya zuƙo ɗigo, ta duba, ta ce babu. Ya goge gilas, ya sake zuƙowa. Rana tana sauka, inuwar katanga tana cin tebur, sau biyu muna jan sa zuwa wajen haske. Baba ya kashe rediyo gaba ɗaya ya zo ya tsaya da hannu a baya. Ni kuwa ina rungume da kwalbar jabel a kan atamfata mai kyau, warinta yana hawa mini kai, ina addu'ar da ban san yadda zan tsara ta ba. Wa ya taɓa roƙon Allah a kan ƙwan ƙwaro?

A ɗigo na tara Inna ta daina motsi.

"Ga ta."

Duk muka matso kusa da tebur.

"Goyo ɗaya," in ji ta. Ta ɗago, idon da ta rufe ya yi ja. "Ta kurkunu jaka biyu take ɗauka, dama da hagu, kamar jaki da mangala. Da idona na gani a Tasawa, har aka sa muka zana a allo. Wagga ɗaya ta ɗaure a ƙarƙashinta."

Na ajiye kwalbar zan rungume ta, ta ce in tsaya, mace ɗaya ba ta isa ba. Sai da Tomas ya nemo wasu suka cika uku, duk masu goyo ɗaya, sannan ta sauke tabarau kan hanci ta ce, "Ba su ba ne. 'Yan uwansu ne na kirki."

Ta matsa ta ce in zo in gani. Shekara biyu ina kiwon abin nan ban taɓa sanin fuskarsa ba. Ga ta nan, jikinta fari kamar ana hango ciki, ɗan jan ido ɗaya, 'yan ƙafafu suna ta aiki, ga ƙunshin ƙwai tana ja a bayanta, ko a jikinta. Dariya ta kama ni, hawaye kuma ya sake ɓata mini kwalli. Inna ta sa Tomas ya mayar da duka ukun cikin ruwa, ta ce masu jego ba a barin su a rana.

Amma ba ta sake ni haka nan ba. Ta ce daga yau bakina ya rabu da tiyo, ko ƙwarin mala'iku ne. Tomas ya ce akwai 'yar robar zuƙo ruwa da ake matsawa da hannu, zai kawo. Kafin nan ta yago gefen tsohon ƙyallenta na tacewa ta ɗaure a bakin tiyon da zare, ta ce ko ba don cuta ba, kada in riƙa zubar mata da masu goyo a bokiti. Ku lura da "mata" ɗin nan, ni a lokacin ban lura ba.

Ta hana Tomas tafiya sai ya ci abinci. Ta zubo tuwon masara, ta kawo miya tana yauƙi har tana bin ludayi. Ya wanke hannu, ya kai loma biyu. Inna ta zauna nesa kaɗan tana fifita da murfin kwano.

"Tomas, ya ka ji miyar kukar?"

Lomar ta tsaya masa a hanya. Ya kalli kwano, ya kalle ni, ya kalli Baba da ya ɓoye baki a bayan rediyo.

"Ta yi daɗi ƙwarai, Inna." Ya ɗago kai. "Sai dai kuɓewa ce."

Baba ya fashe da dariya har yana tari. Inna ba ta yi dariya ba, ta dai ƙara masa nama biyu, wanda a wajenta ya fi dariya.

Na raka shi bakin ƙofa. Yana ɗaure akwatin madubin na ce masa ya yafe mini abin da na nema ya yi. Ya ce shi ma kwana uku bai ci abincin kirki ba, yana tsoron ya duba ya tarar su ne. Na tambaye shi da su ne fa? Ya ce da ya faɗa, sannan ya zo ya taya ni kuka. Ya tayar da babur ya tafi, na tsaya har ya sha kwana.

Da na dawo falo rana ba ta gama faɗuwa ba. Kwalbar jabel ta koma madafa. Inna ta jawo kujera gaban akwatin, tabarau a hanci, tana kallon Mai Atamfa yana bin dutse yana tsintar abincinsa ɗaya bayan ɗaya. A hannunta akwai kwalbar ƙanƙara, ta ciro ta daga wajen bisap ɗinta da kanta.

"Keziya."

"Na'am, Inna."

"Ki gaya mishi in ayari na gaba ya zo, ya sa manyanshi su biyo shi daga Damagaram. Jeanne kuma ni zan yi mata magana."

Na durƙusa a gefenta, na kifa kaina a cinyarta. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta tsoma kwalbar a ruwa a hankali yadda ta ga ina yi.

"Amma ki ji da kyau tun yanzu, kada a zo ana ja-in-ja ranar jere. Ke za ki tahi. Tekun ga ba shi cikin kayan ɗaki."

Na ɗago. "Inna, nawa ne fa. Ni Madam ta bar wa."

"Ɗakin Tomas na kwano ne, ba shi da firigo. Sati guda zafi zai kashe mini su." Ta gyara tabarau ba ta ko kalle ni ba. "Wa ya san su a gidan ga in ba ni ba?"

Daidai nan wayata ta yi ƙara a cikin ɗaurin zanena. Tomas ne, ko gida bai isa ba na tabbata, a gefen hanya ya tsaya.

"Me Inna ta ce?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa: "Ta ba ka ni. Ta hana mu teku."

Ina kallon Inna tana ƙirga ɗige-ɗigen jikin gilas da yatsa, amsarsa ta shigo.

"Yau na koyi ce mata a'a. Ran Asabar zan zo da bido biyu in sake gwadawa."